Gilashi Mai Zango Uku a Idon Baba

Muna so mu ba da labarin abin da ya same mu a kan idon mahaifinmu. Dalili kuwa, a ƴan shekarun nan da wuya a zauna wurin suna ko ɗaurin aure ba a ji wani yana cewa za su kai tsohonsu waje a cire masa yana a sa masa "gilashi mai tsada" ba. Mu mun kai namu, mun biya, mun dawo, kuma akwai abin da muka sani yau wanda da mun san shi a lokacin, da mun yi tambayoyin da ba mu yi ba.

Baba malamin zaure ne a Maraɗi, ya haura shekara saba'in. Yana da Alƙur'ani rubutun hannu wanda ya gada wurin kakanmu, warƙa warƙa a cikin gafaka, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza kuma ɗigo ne rawaya. Takardar ta tsufa har ita ma ta koma rawaya. A cikinsa yake tilawa kullum kafin asuba, da ƴar fitila a gefe, tun kafin a haife mu. Ban da karatu, an san shi a unguwa da ganin jinjirin wata. Muna yara, shi ne mai nuna wa mutane da yatsa su yi ta leƙe suna cewa ba su gani ba. Tabarau na karatu kuwa ya fi shekara ashirin yana sawa, ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, bai taɓa kuka da shi ba.

Inna ce yana ta fara kamawa. A shekarar 2018 aka yi mata aiki kyauta, lokacin da wasu likitoci suka zo gari suka yi wa ɗaruruwan mutane cikin mako guda. Da safe aka shiga da ita, washegari aka cire mata auduga, ta dubi ƙanwarmu ta ce, "Ashe haka kika rame?" Daga baya aka yi ɗaya idon. Tun daga ranar tana ganin nesa tar, in za ta tsince shinkafa ko ta zura zare a allura sai ta ɗauko tabarau na jika biyu da muka sayo mata a kasuwa. Mun yi godiya ga Allah, amma a zuciyarmu mun ɗauki abin da aka sa mata a matsayin gilashin talakawa.

Ya kamata a nan mu tsaya mu faɗi abin da yana take, domin da yawa daga cikinmu muna zaton wata fata ce da ke rufe ido daga waje a kankare ta. A bayan baƙin ido akwai wani abu garau, girmansa bai kai ƙwayar wake ba, wanda takardun likita ke kira cristallin da Faransanci. Shi ne ke tattara haske ya kai shi bangon ido na ciki, inda jijiyar gani take. A ƙuruciya yana da taushi, yana kumbura in an dubi abu na kusa, yana bajewa in an hangi nesa, duk ba tare da mutum ya sani ba. Bayan shekara arba'in sai ya soma taurarewa, shi ya sa dattijo ke miƙa hannu nesa in zai karanta wasiƙa. In shekaru suka ƙara ja, sai ya soma dusashewa kamar ruwan da aka ɗiga wa nono. Wannan dusashewar ita ce yana, kuma har yau ita ce babbar mai jawo makanta a duniya. Ba a wanke ta da magani, ba a ɗiga mata komai ta warke. Cire abin ake yi gaba ɗaya a sa wani a gurbinsa.

Musulmi suna da tsohon hannu a wannan sana'a. Wajen shekara ta 1000 Miladiyya, wani likita mutumin Mausil mai suna Ammar bin Ali, wanda ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami yana zuƙe yana mai taushi da ita. Amma abin da ya fi yaɗuwa a ƙasashenmu shi ne ture yanar da tsinke ta faɗa can cikin ido, aikin da har yanzu wasu masu yawo ƙauyuka ke yi, kuma idanu da yawa sun mutu ta wannan hanya. Sa wani abu a gurbin wanda aka cire kuwa sabon al'amari ne. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara a Landan a watan Nuwamba na 1949, bayan ya lura a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin sama da ya shiga idon matuƙa yana zama a ciki ido bai ƙi shi ba. Saboda haka abin da muke kira gilashi, a gaskiya wata irin roba ce garau. Da can yana da tsada ƙwarai, sai da aka soma ƙera shi a Madurai ta Indiya a 1992, da Asmara da Katmandu a 1994, sannan kuɗinsa ya faɗo har ƙungiyoyin agaji suka iya sa wa irin su Inna kyauta.

Sai dai roba ba ta kumbura ba ta bajewa. Gilashin da aka sa wa Inna zango ɗaya gare shi: likita ya auna ido ya zaɓi ƙarfin da zai ba da ganin nesa, na kusa kuma a cike da tabarau. Don a rabu da tabarau ɗin ne masu ƙira suka fito da wani iri tun cikin shekarun 1980, wanda takardunmu suka rubuta implant multifocal. Na farko zango biyu ne, nesa da kusa. Daga wajen 2010 aka samu mai zango uku, wato nesa, da tsakiya kamar tazarar kamu ɗaya da rabi, da kusa inda ake riƙe littafi.

Da yana ta kama Baba a 2022, babban wanmu da ke aiki a Faransa ya ce ba za a sa shi a layi ba. Ya ce mutumin da ya ƙarar da idonsa a kan karatu ya cancanci abin da ya fi kowane kyau, kuma duk muka yarda, don mun taso muna jin araha ba ta ado. Aka haɗa kuɗin da ya isa ya sayi shanu, biyu daga cikinmu suka raka shi Tunis, Yaya ya same su a can.

A nan ne kuskurenmu yake, kuma ba mu ɗora wa likitan laifi. Mutumin ya auna idon da na'urori iri iri, ya ce jijiyar gani lafiya lau take, sannan ya soma tambaya. Baba ba ya jin Faransanci, Larabcinsa kuma na littafi ne, ya sha bamban da na bakin mutanen Tunis, don haka mu ne tafinta. Likita ya ce, yana tuƙa mota da dare? Muka ce a'a. Yana karatu da yawa? Muka ce ƙwarai kuwa. Yana son ya rabu da tabarau? Muka ce shi ya kawo mu. Ba mu juya mun tambayi mai idon ba. Ba mu ce karatun nasa kafin asuba yake yi a hasken ƴar fitila ba, ba mu ce takardar rawaya ce ba, ba mu ce yana tafiya masallaci a ƙasa cikin duhu babura suna haske masa fuska ba. Aka ba mu takardar amincewa shafi biyu, a ciki an rubuta ɓaro-ɓaro cewa mai wannan gilashi yana iya ganin zobba kewaye da fitilu, kuma gani yana iya raguwa a wuri mai ƙarancin haske. Baba ya ce, "Me suka ce?" Muka ce, "Baba, sun ce za ku gani nesa da kusa ba tabarau." Ya ce, "To, Allah Ya sa albarka," ya sa hannu da ajami.

Aikin kansa bai kai rabin awa ba. Da wata ƴar na'ura mai girgiza ake farfasa yanar a zuƙe ta ta wata ƴar kafa da ba ta buƙatar ɗinki, sannan a naɗe gilashin a tura shi ya buɗe a ciki. An yi idon dama, bayan mako aka yi na hagu. Kwanakin nan a zaune ya yi salla da ishara, yana kiyaye idon daga ruwa kamar yadda aka umarce shi. Da aka gwada shi a allon haruffa ya karanta har layin ƙasa, aka miƙa masa wata ƴar takarda mai ƙananan rubutu ya gani ba tabarau. Muka buga waya gida ana ta guɗa. Ya bar tsohon tabarau ɗinsa mai zare a masauki, da gangan ko da mantuwa, Allah Ya sani.

Mun dawo a farkon hunturu. Kwana uku Baba bai ce komai ba. A na huɗu ƙaninmu da ke raka shi masallaci ya ba mu labari cewa in ɗan kabu-kabu ya taho, Baba tsayawa yake cak ya dafa bango har ya wuce. Da muka matsa masa, sai ya ce kowace fitila yanzu ta zama wata mai da'ira, zobe cikin zobe, in biyu suka haɗu ba ya gane gefen hanya. Wannan bai dame shi ba kamar na biyun. Ya ce da rana, a tsakar gida, yana karanta bugun Alƙur'ani ba tabarau, abin da rabonsa da shi shekara ashirin. Amma kafin asuba, in ya buɗe gafakar kakanmu, baƙaƙen suna nan, jan wasali ya yi fari-fari, ɗigon hamza kuwa ya ɓace cikin takarda kamar ba a taɓa sa shi ba. Mahaddaci ne, ba ya buƙatar ganin ɗigon kafin ya karanta daidai. Sai dai ya ce, "Hannun mahaifina nake gaisawa da shi kullum, yanzu kamar ta bayan labule muke gaisawa." Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu.

Muka kai shi wurin wata likitar ido a nan gida, mace mai haƙuri, ita ce ta zana mana abin a takarda. Ta ce a jikin gilashin nan an sassaƙa zobba ƙanana, wani cikin wani, waɗanda ido ba ya iya gani sai da na'ura. Aikinsu shi ne su raba hasken da ya shigo gida uku, kashi mafi yawa ga nesa, wani ga kusa, wani ga tsakiya, kuma wani abu yana watsewa a banza. A tsofaffin samfura abin da ke watsewa ya kai kusan kashi 18 cikin 100, sababbin sun rage shi amma ba su kawar ba. Saboda haka duk abin da Baba ya duba, hoto uku ne ke faɗawa cikin idonsa lokaci guda, ɗaya tsaf, biyu a dusashe a kansa, ƙwaƙwalwa ce ke zaɓar wanda take so ta yi watsi da saura. Da rana haske ya wadata, ko an raba kowa ya samu. Da dare kuwa tuwo kaɗan ne aka raba wa mutum uku. Zobban da yake gani kewaye da fitila, su ne hotunan nan biyu da ba a so. Gilashin Inna ba ya raba komai, duk hasken wuri ɗaya yake kai wa, shi ya sa abin da take gani yake fitowa da kaifi ko da magariba.

Ta kuma gaya mana cewa wannan sanannen abu ne a wurin likitoci. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna su, ta duba gwaji 20 da aka kwatanta iri biyun. Abin da ya fito shi ne, a ganin nesa kusan kunnen doki suke, a ganin kusa mai zango da yawa ya fi kuma masu shi sun fi rabuwa da tabarau, amma su ne suka fi kukan zobba da ƙyallin fitila. Mafi yawan waɗanda aka sa wa suna jin daɗinsa, kaɗan ne abin ke damunsu har a cire a canja. Ciniki ne, in ji ta, ana ba da wani abu a karɓi wani, kuma mai ido ne kaɗai ya san wanda zai iya bayarwa.

Ta duba Baba ta ce idonsa ya bushe ƙwarai. Aikin ido yana ƙara bushewa, ga iskar hunturu da ƙura, kuma wannan gilashi ba ya yafe ko ƙaramin aibi: hawaye in ya yi ƙaranci, fuskar ido ba ta zama sumul, hotunan uku sai su ƙara cakuɗewa. Ta rubuta masa ruwan ɗigawa mai kama da hawaye, ta ce a canja fitila a samo mai haske sosai, a sa ta ta bayan kafaɗa. Ta ce a ba ƙwaƙwalwa wata uku zuwa shida, wani har shekara, ta saba. In duk an yi bai gamsu ba, ana iya cirewa a sa mai zango ɗaya, sai dai aiki na biyu ya fi na farko haɗari. Ta ja mana kunne a kan abu guda wanda muke roƙon masu karatu su riƙe. Bayan aikin yana, jakar da gilashi ke zaune a ciki takan dusashe bayan watanni ko shekaru, mutane su ce yana ta dawo, alhali ba ta dawowa. Da hasken laza ake huda jakar cikin ƴan mintoci gani ya koma. Amma wanda ke tunanin canja gilashinsa kada ya bari a huda kafin ya yanke shawara, domin bayan hudawa cirewar tana ƙara wuya.

Mun tambaye ta wane ne bai kamata a sa wa irin wannan ba. Ta ce duk idon da ya riga ya rasa wani abu na ƙarfinsa ba shi da rarar da za a raba: mai hawan jinin ido wanda ya taɓa jijiya, mai ciwon suga da ya kai ga bangon ido, tsohon da tsakiyar ganinsa ta soma lalacewa, da wanda amodari ko wani rauni ya bar wa tabo a baƙin ido. Waɗannan kuwa ba baƙi ba ne a gidajenmu. Hawan jinin ido ya fi yawa kuma ya fi saurin kamawa a tsakanin baƙar fata, mutum yana ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Sai kuma mai sana'ar dare. Wannan ya yi mana amfani bayan shekara guda, da yana ta kama Kawu, direban babbar mota wanda rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta cikin dare. Ƴaƴansa suka zo da maganar su ma za su yi masa irin na Baba don kada a ce sun gaza. Muka ce su kai shi shi da kansa ya faɗa wa likita yadda yake aiki. Mai zango ɗaya aka sa masa a nan gida, yana ajiye tabarau a aljihun gaba don duba takardun kaya. Akwai ma hanyoyin tsakiya da likitar ta ambata, kamar a saita ido ɗaya ga nesa ɗaya kuma ya ɗan karkata ga kusa, ko wani gilashi mai miƙa zangon gani zuwa tsakiya wanda zobbansa ba su kai na mai uku ba, amma da shi ƙananan rubutu sai da tabarau.

Baba ya ƙi aiki na biyu. Ya ce idon da aka taɓa sau ɗaya ya gode, ba zai sake miƙa shi ba. Muka sayo fitila mai cajin rana muka rataye a zaure daidai bayan buzunsa, yana ɗiga ruwan nan sau huɗu a yini, ƙanwarmu ce mai tuna masa. Da damina ta faɗi, iska ta yi sanyi, ya ce zobban suna nan amma sun daina yi masa magana. In ya neme su yana ganinsu, in ya manta da su sai su manta da shi. Ya koma zuwa masallaci ba ɗan rakiya, ko da yake har yau yana bin gefen bango. Kuma gaskiya ce a faɗe ta, akwai abin da ya samu wanda Inna ba ta samu ba. Yana zaune yana ganin fuskar almajiri a bakin ƙofa, ya sunkuya ya duba allon da ke gabansa, ya ɗauki waya ya ga sunan mai kira, duk ba ya laluben komai. Ya ce a wannan kam kuɗin Yaya bai faɗi ƙasa banza ba, kuma ya sa muka rubuta masa haka, domin Yaya ya fi kowa shiga damuwa. Amma don ɗigon hamza, likitar ta ƙara masa wani ɗan tabarau mara ƙarfi wanda yake sawa kafin asuba kaɗai. Jika biyu muka saye shi, a rumfar da muka sayo na Inna.

Ranar da ya fara sa shi ne ɗaya daga cikinmu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, da a Tunis mun tambaye ku ko kuna son rabuwa da tabarau, me za ku ce?" Ya yi shiru yana gyara warƙoƙi, sannan ya ce, "Da na ce muku ni da shi ba mu taɓa faɗa ba." Bai ƙara komai a kai ba, mu ma ba mu ƙara ba.

Da watan azumi ya kama a shekarar da ta biyo, muka fita bayan gida da magariba a dare na biyu, kamar yadda muka saba tun muna yara. Sama ta yi ja-ja, akwai ɗan hazo. Baba ya tsaya ya daɗe yana duban yamma, hannunsa a goshi. Inna, wadda ta fito da buta za ta yi alwala, ta ɗaga kai ta ce, "Malam, ga shi can, bisa kan bedin nan." Ya ce, "Ina?" Ta ajiye butar, ta kama hannunsa ta ɗaga, ta nuna masa da yatsansa.